Hulata Ta Riga Ni Zuwa Ikko

Sana'ata dillancin shanu ce a karar Kontagora. Boko kuwa aji biyu na yi, na biyun ma yawancinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma a ciniki ba na shakkar kowa. Tun da na fara sa wando ban taɓa sayen abu a kuɗin da mai shi ya fara faɗa ba, ko da allura ce. Shi ya sa ranar da maganar jirgin sama ta taso a gidanmu, ba a tsaya shawara ba, kowa ya juyo ya dube ni.

Zamanin mulkin soja ne. Ƙanwata, autar Inna, tana aure a Ikko, wajen Agege, ga ta da cikin fari. Bisa al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Sai Inna ta yi mata alkawari cewa ko a ina ta sauka, ita za ta yi mata wankan jego da hannunta, kuma ba za a raɗa wa jariri suna ba sai tana zaune a ɗakin. Ƙanwata ba ta da kowa a can sai mijinta da dangin mijinta.

Wani direban tirela da ke kai mana shanu kudu ne ya kawo labarin haihuwar. Kafin ya kawo, ya tsaya gyaran taya a Jebba, ya tsaya gaisuwar mutuwa a Mokwa. Ko da ya iso, suna jibi ne. Inna kuma tana fama da ciwon baya, ba ta iya wuni da kwana a mota. Mijin ƙanwata ya san haka, saboda haka ya ba direban kuɗin jirgi na mutum biyu, daga Kaduna zuwa Ikko, ya ce ana gobe suna tun da safe zai tsaya yana jiranmu a filin jirgin can.

Na karɓi kuɗin, na ce wa mutanen gida wannan ai na ɗan boko ne, wanda ake faɗa wa kuɗi ya miƙa. Ni zan kai mu Ikko in dawo da canji, har in saya wa mai jego atamfa.

Inna ta ci gaba da haɗa kayanta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da abin faɗa mini, sai ta faɗa wa abin da ke kusa da ita, ni kuma in tsinta. Ran nan tana ɗaure ƙunshin kanwa ta ce masa, "Mu dai a kai mu."

Da asuba muka shiga fijo, da kanwa, da gero, da yajin jego, da man kaɗe, da daddawa, da buhun busasshen ganyen runhu na wanka. Da muka wuce Tegina muka miƙa ta Birnin Gwari, Inna ta tambayi gilashin mota ko an ta da Ikko daga kudu ne an mai da ita gabas. Na yi wa direba bayani da ƙarfi cewa haka tsarin jirgi yake, sai ka ja da baya tukuna.

Da hantsi muka isa filin jirgin Kaduna. Abin da na gani ya kwantar mini da hankali, domin tasha ce sak. Kamfanoni barkatai, kowanne da tagarsa, kowanne da 'yan kamashonsa suna ihu, "Legas! Legas! Yanzu zai tashi!" Na ce a raina, ashe gida na zo. Na zaunar da Inna a benci, na jera kaya a gabanta, na gyara zaman hulata, sabuwar zanna bukar da na saya musamman don tafiyar.

A tagar farko wata budurwa ce mai jan baki. Na yi sallama, na tambayi gida, na tambayi aiki, sannan na ce mutum biyu, Ikko, nawa za a sallama. Ta faɗa. Daidai abin da ke aljihuna, ba ragi ba ƙari. Na yi dariyar da muke yi a kara idan Bafulatani ya faɗi kuɗin sansa, sannan na taya rabi.

A kara, in ka taya, ko tayin bai yi ba, mai kaya zai ce maka albarka. Daga nan ne ciniki yake buɗewa. Na tsaya ina jiran albarkata. Yarinyar nan ta leƙa bayana ta ce, "Na gaba."

Na ce, "'Yata, ba ki ce komai ba."

Ta ce, "Malam, nan ba a ragi."

Na ce, "To ɗayan tsohuwa ce, ba nauyi gare ta ba."

Ta ce, "Na gaba."

Sai na fito da babban makamina. Na kaɗa riga, na juya, na kama tafiya a hankali, irin tafiyar da ƙafa ke gaba kunne na baya. Da wannan tafiya na sha karya farashin bijimai. Ba a taɓa bari na yi nisa ba. Ran nan na wuce benci, na wuce ƙofa, na wuce masu tasi, har sai da na kai shingen waya. Ba wanda ya kira ni. Na ɗan tsaya ina duba shingen kamar shi na zo gani, sannan na dawo.

Na zaga sauran tagogin. Kamar sun haɗa baki. Ɗaya ce kawai ta ɗan fi sauƙi, da na tambayi jirginsu aka ce yana gyara, wataƙila jibi.

Ina cikin haka wani ɗan kamasho, dattijo mai furfura, ya ji Hausata ya matso. Mutumin Zuru ne, ana jin Dakarci a bakinsa. Ya durƙusa ya gai da Inna, sannan ya ja ni gefe.

Ya ce, "Maƙwabci, Kontagora ko? Na gan ka ka tafi gai da shinge. Ka ji shawarata, ka yanki tikitinka yanzu. Nan kuɗi ba ya sauka. Yamma na yi, hawa yake."

Na ce, "Ni ma abin da nake faɗa wa mai saye ke nan."

Ya ce, "Wallahi gaskiya nake gaya maka."

Na ce, "Ni ma da wallahi nake faɗa."

Ya dube ni, ya dubi Inna, ya ce, "Mama, Allah ya ba ki haƙuri." Inna ta amsa da amin mai tsawo.

Ni ina da hujjata. Duk wanda ya san tasha ya san kujerar ƙarshe ita ce mai araha. In mota ta kusa cika, fasinja na zagi, rana na yi, direba ko nawa ka ba shi karɓa yake yi. Saboda haka na sami wurin da ake hango fili, na zauna ina kallon jirgin hantsi. Mutane suka shiga, ba su da yawa. Na miƙe tsaye inda za a gan ni sosai. Sai kawai aka ja matakala, aka rufe ƙofa, jirgin nan ya tafi da kujeru a wofi. A rayuwata ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba. Na ce wa na kusa da ni wannan direban ba zai daɗe a bakin aiki ba.

Na yanke cewa na azahar zai ɗauki darasi daga asarar ɗan'uwansa. Bai ɗauka ba. Shi ma ya tashi bai neme ni ba.

Inna ta yi salla a gefen benci, ta zauna da ƙyar tana dafe da ƙugu. Ta buɗe buhun runhu, ta shinshina, ta ce masa, "Kai dai ka sha tafiya. Ko za a mai da kai gida ne a yi wa shanu wanka, oho." Daga nan ta juya fuska wajen fili, na ga tana share ido da bakin mayafi. Wannan bai yi mini daɗi ba. Na tashi na nufi tagar yarinyar nan, na ce to na saya, Allah ya sa albarka.

Ta ce, "Ya cika."

Jirgin la'asar shi ne na ƙarshe a ranar. Duk wanda ya makara, da duk mai wayo irina, a kansa muka taru. Tikiti ya ƙare a taga, ya koma aljihun 'yan kamasho, kuma ya hau kamar yadda mutumin Zuru ya faɗa. Na nemo shi. Bai yi mini gori ba, ya dai tambaye ni lafiyar shinge. Ya ce guda ɗaya zai iya samowa, kuɗin kuwa sai kusan duk abin da ke hannuna.

Bakina ya buɗe da kansa zai taya. Sai Inna ta miƙo hannu, ta dube ni cikin ido, abin da rabon da ta yi tun ina yaro, ta ce, "Kai. Ba shi."

Na ba shi.

Sauran aiki biyu. Na farko kaya, don an ce in an auna su sai an biya wani kuɗin, mu kuma babu. Inna ta zaɓi kanwa da yaji da dunƙulen man kaɗe ta ɗaure a ƙugu, ta cusa runhu iya abin da mayafi zai ɗauka. Sauran ta bar mini in biyo da su ta mota. Na biyu kujera. Mutumin Zuru ya ce a jirgin yamma takardar shiga takan fi kujeru yawa, in an buɗe ƙofa gudu ake yi, wanda ya riga zama shi ne fasinja. Inna kuwa ko sauri ba ta iyawa.

Nan ne ilmin tasha ya yi rana sau ɗaya. Na karɓi takardar, na naɗe riga, aka buɗe ƙofa, na zuba a guje. Mutumin da ya saba bin bijimi in ya tsinke igiya, masu kwat da jaka ba za su riga shi ba. Na wuce wani mai tumbi, na wuce wata mai dogon takalmi, na haye matakala ina haki. Ciki sanyi kamar randa. Na sami kujera ta jikin taga, na cire hulata na ɗora a kai, yadda ake kama wuri a kowace mota tsakanin Kontagora da Yawuri. Na ce wa wani Alhaji da ke kusa, "Ranka ya daɗe, da mutum a nan, tsohuwa ce." Ya ce ya gani.

Na sauko ina kutsawa cikin masu hawa, ma'aikaciyar jirgi na yi mini Turanci. A ƙasa na tarar mutumin Zuru ya riƙo hannun Inna sun iso. Na damƙa mata takarda, na ce ta nemi hulata. Ta hau a hankali, ƙugu ya yi fam da kanwa, ba ta waiwayo ba. Na tsaya kai ba hula har jirgin ya shige gajimare.

Ni kuwa da 'yan canjin da suka rage na shiga motar kaya, ni da gero da daddawa. Sai washegarin suna na isa Agege, an cinye naman, saura ƙashi da kai. Na tarar da Inna a tsakar gida gaban tukunyar ruwan zafi, tana tsoma runhu, ƙanwata na ihu a bayan zana tana cewa ya yi zafi, Inna na cewa haka ake so. An raɗa suna tana zaune a ɗakin.

Mijin ƙanwata ya tare ni da fara'a. Ya ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari. Tun safe nake filin jirgi shekaranjiya, kowanne ya sauka sai na leƙa. Har masu shara sun san ni. Ina atamfar mai jego?" Na ce masa ciniki bai faɗa ba.

Na tambayi ƙanwata ta tambayi Inna yadda jirgi yake. Inna ta ce wa tukunya ba wani abu ba ne, zama ne kawai, sai ɗan biredi da ba ya isar kowa. Sannan ta kwance bakin zane ta ciro hulata ta ajiye a kan turmi. A kanta ta zauna tun daga Kaduna, don ta ce tana tsoron in ta ɗaga wani zai ce wurin nasa ne. Hular ta koma kamar faifai. Na kai ta wurin masu wankin hula har sau biyu, ba ta miƙe ba.

Har yau ban hau jirgi ba. Amma a kara, duk wanda zai yi tafiya ta sama wurina yake zuwa neman shawara, tunda an san na taɓa shiga. Nakan ce masa ya je da wuri, ya biya abin da aka ce, kuma ya tafi da tsohuwar hula.