Sunan da Bincike Ya Raba Biyu

Jiya na buga sunan Sa'adatu a kwamfuta, sai na tuna marigayi shugaban buronmu, wato ofishinmu, na Illela. Ba ya gaggawar ce wa mutum babu.

Wata rana wata mai tallar nono ta zo neman takardar haihuwar ɗiyarta, wadda sai da ita za ta zauna jarrabawa. Na bincika, ban samu ba.

Shugaban ya ajiye shayinsa mai ƙamshin citta, ya ce, "Inna, zauna tukuna."

Ashe a cikin kwamfuta ɗan waƙafin sama na sunan yarinyar, irin wanda ke cikin Sa'adatu, ya koma alamomin &#39;, bincike ya raba sunan biyu. Shugaban ya gyara tsarin binciken yadda zai riƙa fassara irin waɗannan alamomi kafin ya rarraba kalmomi. Sunan ya fito, yarinyar ta yi jarrabawarta.

Allah ya haskaka kabarinsa.