Butar Malam Alasan

Malam Alasan masunci ne, cikin mutanen da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu aka dawo da su tudu. Yana yaro aka taso su, amma har ya tsufa in ya tura kwalekwale sai ya nuna maka wani wuri a tsakiyar ruwa ya ce nan ne ƙofar gidansu. Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da, wadda ni maƙwabcinsa wani lokaci har haushi take ba ni. Ko a kwance ka same shi ka tambayi jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi.

Matarsa Asabe ce kaɗai ta san cikinsa. Ita ke cika masa buta ta ajiye a bakin ƙofa, ita ke yi masa faɗa in ya ture tuwo. Da ta rasu gidan ya yi tsit. Ɗansu Uzairu yana Fatakwal yana jan babbar mota, sai dai waya ranar Juma'a. Malam ya koyi cika butarsa da kansa.

A shekarar korona mura ta kama shi, irin mai zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Tsoro ya sa muke ajiye masa kunu a zaure mu yi masa sannu daga nesa. Tari ya hana shi runtsawa, ruwa ma sai ya kurɓa ya ture. Da jiki ya ƙi, muka samo mota aka kai shi asibiti.

Wadda ta karɓe shi ma'aikaciyar jinya ce, Badiyya, sa'ar jikarsa. Ta sa masa iskar numfashi, ta lura ƙafafunsa sun kumbura. Ta san ciwon nan ba a huhu yake tsayawa ba, yakan sauka ƙoda, kuma fitsari ne ke fara nunawa. To amma yaya yarinya za ta dubi dattijo ta ambaci fitsari? Sai ta sakaya.

"Baba, kana kama ruwa lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan."

Da azahar ta kawo masa buta, ya ce ta bar shi, yana da alwala. Da la'asar ma haka. Badiyya ta tsaya da butar a hannu.

"Baba, alwalar nan tun yaushe?"

"Tun asuba," in ji shi, har da ɗan murmushi. "Ai ciwon nan da alherinsa ya zo. Kwanakin nan da alwalar asuba nake kaiwa isha'i."

Bawan Allah, abin da yake yi wa godiya shi ne zai kashe shi. Badiyya ta kira likita a guje, aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna ƙodojinsa sun kusa tsayawa, sai an kai shi Kano wankin ƙoda.

Likita ya ce, "Baba, a gida ba wanda ya lura ka daina kewayawa?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Mai lura da buta ta rasu."

Ni na bi shi Kano jinya, don Uzairu yana hanya. Aka yi ta wanki, ana jira a ga ko ƙodar za ta farfaɗo. Wata rana da hantsi na dawo da kwanon abinci, sai na hango shi ya fito daga banɗaki yana dafa bango, fuskarsa fal murna. Alwala ta karye, ƙoda ta farfaɗo. Ya dubi gadon dama, ya dubi na hagu, duk baƙi ne. Ba labarin da ake ba ɗa ba ne, balle maƙwabci. Na tsaya a bakin ƙofa, tausayinsa ya cika ni.

Ya zauna a hankali, ya girgiza butar ya ji ba komai a ciki. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Asabe, ruwan ya ƙare."