Shekarar da Ɓarin Jikin Baba Ya Shanye

Baba tela ne a Anguwan Rogo, ƙaton mutum mai gajeren wuya da tumbi, wanda ko a tsakiyar sanyin Jos gumi yake yi. Yana son nama mai kitse, yana son gishiri, ga saurin fushi. A ƙarshen shekarun saba'in ne, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Titin Bauchi, na yi aure amma ban bar gidanmu ba. Wata rana da hantsi yana yanka yadi, almakashi ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, bayan 'yan makonni muka dawo da shi gida, baki a karkace, magana da ƙyar.

Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, don haka Goggo, yayar Baba, ta taso daga unguwar Ali Kazaure ta karɓi jinya. Ita dai a wurinta sanyi ne ya kama shi. Ta sa aka rufe taga, aka shigar da kaskon garwashi, ta lulluɓe shi da barguna, kullum farfesun ƙafar saniya da yaji da kanwa. Baba na kwance yana tsiyayar gumi, idanu jajur.

Akwai wani dattijo ɗan Caina da Baba ke ɗinka wa wando, mai gyaran injuna a wani kamfani. Ya zo shago ya ji labari, maƙwabta suka rako shi gida. Ya daɗe a Arewa, yana jin Hausar kasuwa, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Kakansa mai magani ne a ƙasarsu, a wurinsa ya tsinci ɗan abin da ya sani.

Ya zauna bakin gado, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Baba, dama da hagu, yana jin bugun jininsa. Sannan ya ce Baba ya fito da harshe. Harshen ya yi kauri, da wani rawaya-rawaya a kansa. Ya tambaye ni ko Baba na minshari, ko yana yawan jin ƙishi, ko bayan gida na yi masa wuya. Duk na ce e.

"Goggo, fitar da wannan wuta," in ji shi.

"Oga, sanyi ne fa ya kama shi."

"Ba sanyi ba. Jikinsa zafi ne, da majina da yawa. Kai kana ƙara masa."

Ya yi mini bayani da Hausa da Turanci a cakuɗe. A ƙasarsu, in ji shi, ba cutar kaɗai ake dubawa ba, har da irin jikin da ta samu. Akwai siririn mutum mai sanyin hannu, mai saurin gajiya. In wannan ciwo ya kama shi, ɗumi da romo yake bukata. Shi ɗan Cainan, yayansa irin wannan ne, kuma haka aka yi jinyarsa. Baba kuwa ɗayan irin ne, abin da ya taimaki wancan shi zai cuce shi. Ya ce kitse da gishiri da fushi su ke dawo da ciwon, kuma kada mu kuskura mu daina maganin asibiti. Na tambaye shi allurar nan tasu da nake jin labari, wadda ake sossoka wa mutum a jiki. Ya ce bai iya ba, ba kuma zai koya a jikin abokinsa ba. Tausa kawai ya nuna mini, daga kafaɗa zuwa yatsu, daga cinya zuwa tafin ƙafa.

Bayan ya tafi Goggo ta ce, "Shi wannan a ina ya san jikin ƙanena?" Amma maganar zafi da sanyi ba baƙuwa ba ce a wurinta, a kan wanne ne kawai suka saɓa. Baba ne ya raba gardamar. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna kaskon, ya ce, "Waje."

Daga nan matata ta koma dafa masa gwaten acca da kabeji da yalo, gishiri kaɗan. Ina yi masa tausa kafin in tafi makaranta da bayan la'asar. Goggo ta ci gaba da kawo rubutu yana sha. Ɗan Cainan yakan leƙo ran Lahadi ya duba harshe, ya gyaɗa kai ko ya girgiza.

Kafin damina ta ƙare Baba na zuwa masallaci da sanda, yana jan ƙafa. Magana ta dawo, hannun bai dawo ba. Ban san me ya tashe shi ba a cikin duk abubuwan nan, kuma kowa a gidan ya ɗauka nasa maganin ne.

Ya koma zama a shago yana nuna wa wani ƙanena yanka, yana yi masa tsawa in layi ya kauce. Kitse da gishiri ya haƙura da su kamar shekara guda. Daga baya matata ta fara ganin maiƙon tsire a aljihun rigarsa in ta zo wanki. Na yi masa magana sau ɗaya.

"Kai ka haife ni?" ya ce. Ban sake ba.

Ciwon ya dawo a farkon shekarun tamanin, wannan karon bai bar asibiti da rai ba. Lokacin kamfani ya riga ya mayar da ɗan Cainan Kano, ban kuma san ko labari ya kai masa ba. Ƙanena ya riƙe shagon na wasu shekaru, sannan ya koma tuƙin bas.