Fankar Madafi da Naman Mai Jego

Shekarun baya kaɗan, hayaƙin murhu ya so ya cinye mini idanu, sai ɗana da ke aiki a Kankia ya sa aka huda bangon madafina aka liƙa wata 'yar fanka mai zuƙe hayaƙi. Ta yi aiki, ta yi aiki, har kunkunniya ta toshe ta, ta koma nishi kamar tsohuwar akuya.

Ana gab da babbar salla ya turo mai gyara daga Kusada. Mutumin ya ciro ta, ya juya, ya ce, "Iya, wannan sai dai addu'a." Ya kawo babba, mai aiki da hasken rana. Ya ce tsohon bangon ya tsage, a mayar da ita bangon gabas. Na ce to. Ban tuna bayan bangon nan ne dakalin unguwa da hanyar rijiya suke ba.

A lokacin ɗiyata ta haihu a Dudunni. Bayan an raba naman layya kowa ya samu nasa, na ware cinya guda don ita, domin uwa ba ta shiga gidan surukai hannu sake. Na ɗora suya, na zuba yaji da tafarnuwa, na kunna fanka. Ko ɗigon hawaye ban yi ba. Na yi ta sa wa ɗana albarka.

Sai sallama. Maƙwabciyata ce, da tsohon ciki, wai ta zo barka da salla.

Na ce, "Ba kin yi mini da safe ba?"

Ta ce, "Iya, ta safe tawa ce. Wannan ta na cikin ce."

Wa zai hana mai ciki abin da ta shaƙa? Na dumbuza mata. Ba ta kai ƙofa ba wasu suka shigo da tulunansu. A ranar har wadda muka yi shekara ba ma ga maciji ta zo neman gafara.

Can sai ga muryar malamin unguwa ta ramin fankar: "Hajiya, a yi mana rai. Tun la'asar muke layi ɗaya a littafi. Kin kuma san haƙƙin maƙwabci a kan ƙamshin tukunya." Na san shi kuwa. Na aika da kwano.

Abin da na kai Dudunni bai rufe gindin langa ba. Uwar mijin ɗiyata ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe bana zakara kuka yi layya da shi."

Sai da na sayar da tunkiyata na sayo wani naman, sannan na fita kunya.

Fankar tana nan lafiya lau. Ranar miyar kuka nakan kunna ta tun safe, unguwa ta sha daddawa. Ranar nama kuwa na kashe ta, na ja ƙyaure, na zauna cikin hayaƙina ina kuka ina juyawa.