Kunnen Baba Mordecai

Kowa a layin bayan kasuwar Samaru ya san Baba Mordecai, mai injin niƙa. Gajere ne, ga tumbi, ga kunnuwa fato-fato kamar za su tashi da shi sama. Da kunnuwan nan yake taƙama. Ya ce Allah bai ba shi boko ba, bai ba shi tsawo ba, amma da aka zo rabon kunne sai da aka ninka masa.

Yana saurayi ya yi wa wani Bature malamin jami'a aikin kuku. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa sifika biyu na katako, masu nauyi kamar buhun masara, da amfilifaya da tarin faya-fayai. Sifikun nan biyu ya raɗa wa suna Dattijo. Daga baya ya samo wasu sifikun biyu 'yan Japan a Sabon Gari, baƙaƙe dogaye masu sheƙi, ya ce waɗannan Ɗan Birni ne. Falonsa ko kujerar kirki babu, amma sifikun nan huɗu kullum a goge suke. Matarsa Susanna takan ce da ana goge ta kamar yadda ake goge Dattijo, da har yau budurwa ce.

Litinin zuwa Juma'a yana bakin injin, cikin ƙarar da ko kiran sunanka ba ka ji. Ranar Asabar da la'asar kuwa, kaiton wanda ya gifta ƙofar gidansa. Wanda ya fi shan kamu shi ne Toma tela, maƙwabcinsa, don shi bai iya cewa a'a ba.

"Zauna nan tsakiya, Toma. A'a, matso. Kunnenka na hagu da na dama su raba daidai."

Sai ya ɗora faifan Zumuntar Mata ta coci, waƙa ɗaya tak, a ji ta a Dattijo, a sauya waya a ji ta a Ɗan Birni. Ba ya ƙure murya. Ya ce ihu na ƙahon masu tallar magani ne.

"Ka ji tulun nan? A Dattijo, tulu yana da ciki. Kana jin tafin matar yana sauka a bakinsa, iska tana fita. Muryar mai ba da waƙa kuma da ɗumi, kamar tana zaune kusa da kai. To saurari Ɗan Birni. Tulun ya rame, ko? Amma ji kacau-kacau! Kowane ɗan tsakuwa da ke ciki sai ka ƙirga shi. Dattijo yana lulluɓe waƙa, Ɗan Birni yana tuɓe ta. Wanne ya fi?"

"Baba, ni dai duk waƙa nake ji."

"Kai kunnenka na rataya tabarau ne."

Shekara da shekaru bai yanke hukunci ba. Yau Dattijo ne sarki, mako mai zuwa ya tuɓe shi.

Wata Asabar ya ɗora faifan, ya ji kacau-kacau ta dushe a ɓangaren hagu. Ya ce Ɗan Birni na hagu ya lalace. Ya naɗe shi a bargo, ya ɗauki shatar keke napep, ya rungume shi kamar mai kai jariri asibiti, sai shagon Uzodinma a Sabon Gari. Uzodinma haifaffen garin ne, gyaran rediyo ya gada wurin ubansa, Hausa kuwa ta fi zama a bakinsa fiye da ta Toma. Ya gwada, ya ce lafiya lau. Baba ya ce shi za a gaya wa? Don a zauna lafiya Uzodinma ya sauya masa ƙaramar sifikar sama, mai fitar da siririn sauti.

Aka koma gida, kacau-kacau tana nan a dushe. Ba a jima ba Dattijo na hagu ma ya kamu da ciwon. Baba ya zargi waya, ya zargi damina, ya zargi Susanna da share falo da ruwa.

"Baban Lovelyn, sau nawa zan kira ka kafin ka amsa?" in ji ta.

"Ke ce kika koma magana ciki-ciki."

A zuwa na gaba ya kwashi Dattijo duka biyun. Uzodinma ya jera su a kan benci, ya zaunar da shi tsakiya, ya kunna.

"Wanne ne mara lafiyar, Baba?"

"Na hagu mana. Kai ba ka ji?"

Uzodinma ya yi abin da kowane mai gyara yake yi in yana neman inda cuta take. Ya ɗauke na hagu ya mayar dama, na dama ya dawo hagu, da wayoyinsu da komai, a kan idon Baba. Ya sake kunnawa.

"Yanzu fa?"

Baba ya karkata kai. Ya kasa kunne. Ciwon bai bi akwatin ba, yana nan hagu inda yake.

"Juya ka ba su baya," in ji Uzodinma a hankali.

Ya juya. Ciwon ya tashi ya koma ɗaya akwatin, yana bin kunnensa na hagu. Uzodinma, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya shiga neman wani abu a cikin durowa.

A asibiti likita ya ce ƙarar inji ce ta cinye jijiyar kunnen hagu, ba ta dawowa, na dama ma ya kama hanya. Ya ce a bar niƙa. Baba ya tambaye shi a ci me. Lovelyn, 'yarsa da ke aikin jinya a Kaduna, ta aiko masa da na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya sa ta yini ɗaya ya cire. Ya ce Dattijo da Ɗan Birni duk sun koma rediyo a cikin gwangwanin madara, gara shiru.

Kunnen dama ma ya ci gaba da dushewa, amma bai daina kiran Toma ba. Waƙar tana kansa, ya san inda tulu ke shiga da inda ake amshi. Sai ya ɗora faifai, ya rufe ido, ya riƙa bayani daga abin da ya haddace. Toma ya riƙa cewa ƙwarai kuwa, har da shi yanzu a masu jin cikin tulu.

Asabar ɗin ƙarshe, waƙa ta yi nisa sai aka ɗauke wuta. Falon ya yi tsit. Baba yana zaune ido a rufe, yana kaɗa kai, yatsansa a sama.

"Yawwa, ga wurin. Ka ji yadda Dattijo ya riƙe muryar? Ɗan Birni ba zai iya wannan ba."

Toma ya buɗe baki. Susanna daga ƙofar kicin ta girgiza masa kai. Suka bar shi ya kai waƙar har ƙarshe, ya yi amshin da kansa da wata murya da ta kauce hanya.

Da ya buɗe ido ya ga fitilar amfilifaya a mace, faifan a tsaye allura tana tsakiyarsa. Ya dubi Toma, ya dubi matarsa.

"Tun yaushe?"

Toma ya dubi Susanna, ita kuma ta dubi faifan. Ko sun amsa ma, sai sun ɗaga murya.

Ya ɗage allurar a hankali, ya mayar da faifan cikin kwalinsa. Ya ce wa Toma ya je, kada ɗinkin mutane ya kwana. Washegari bayan an taso coci ya sa Susanna ta kawo tsofaffin zannuwanta, ya lulluɓe akwatunan huɗu, ya juya fuskarsu bango. Ranar Litinin da safe ya tayar da inji, mata suka jera robobin masara, yana duban bakinsu don ya gane gari suke so ko tsaki.