Yadda Na Miƙa Takardata da Hannu Biyu a Kazaure

Mun tashi daga Gwiwa ana idar da sallar asuba, ni da ƙanwar babana. Yau kwana biyar ke nan da dawowarmu, a yi mini haƙuri in zancen ya karkace.

Abin da ya fitar da mu sanarwa ce da aka yi ta yi a rediyo, cewa manyan otal-otal ɗin da ake ta ginawa a Kano da Kaduna za su turo wakilai Kazaure su ɗauki ma'aikata, masu tarbar baƙi da masu kai abinci da masu gyaran ɗaki. Aka ce duk wanda ya gama sakandare ya zo da takardarsa ta asali. Ni kuwa bara na gama, kuma takardar nan ita kaɗai gare ni, in ta ɓace babu inda zan samo wata. Mako biyu na yi ina lallashin Baba, don shi a wurinsa otal da gidan giya duk abu ɗaya ne. Da ƙyar ya yarda, shi ma sai da Gwaggo ta ce za ta raka ni.

Na yi shiri ba kaɗan ba. Kullum da yamma sai in jera kofuna cike da ruwa a faranti in yi ta zagaya tsakar gida, matan gida suna kwasar dariya, wai ga baturiyar Gwiwa. Na yi ta maimaita gaisuwar Turanci a gaban madubi. Takalmi kuwa aro na yi, ya matse ni. Takardar na sa ta tsakanin kwali biyu, na naɗe da ɗankwali.

Akori-kura muka samu, sule shida kowa. Da Gwaggo ta ce ya yi tsada, direba ya ce mai ne ya hau. Ta ce masa ita dai a rediyo ta ji ƙasar nan iyo take yi a cikin mai. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya ta zama kunu, sau biyu motar tana kafewa maza suna sauka su tura. Wata Bafulatana da ke gefena ta rungume ƙwaryar nononta, duk ramin da muka faɗa sai takalmin arona ya sami rabonsa. Gero ya kai ƙugu hagu da dama. Hantsi ya dubi ludayi muka hango duwatsun Kazaure.

A tasha muka sha koko da ƙosai, Gwaggo tana mitar ƙosan birni bai fi ƙwayar goro ba. Daga nan muka taka zuwa filin wata makaranta inda aka kafa rumfuna, kowane otal da teburinsa da hotunan gine-ginensa masu hawa-hawa. Mutane maƙil, daga Roni, daga Babura, daga Yankwashi, samari sun fi yawa, mu mata ba mu taka kara mun karya ba. Mai gadi ya ce marar takarda ba ya shiga, sai Gwaggo ta zauna a gindin tsamiya wurin masu sayar da tuwo, inda take iya hango ni.

Na fi awa biyu a layi. Kusa da teburin da nake nufa akwai wani dattijo a kan kujera, farar babbar riga, furfura a gemu, carbi a hannu, yana shan lemon kwalba tare da akawuna suna hira. Sai ya yafito ni. Na je na durƙusa har ƙasa na gaishe shi.

"'Yar nan, daga ina?"

"Daga Gwiwa, Baba."

"Allah sarki, nisa. Kawo takardar in shigar miki, kada rana ta dafa ki a banza."

Na kwance ɗankwalin, na miƙa masa da hannu biyu, kaina a sunkuye. Da na koma layi wata 'yar Babura da ke bayana ta raɗa mini, "Ke, kin san shi ne?" Na ce, "Haba, ai babba ne." Wallahi amsar da na ba ta ke nan. Ban tambaye shi sunansa ba, ban tambayi aikinsa ba. A gidanmu yaro ba ya ce wa mai furfura wane ne kai.

Ya ɓace har bayan azahar. Layi ya iso kaina ba takarda, na koma gefe ina jiransa. Can sai ga shi, ya ce an dace, manaja yana hutawa a wani masauki a bayan makarantar, yana so ya gan ni da kansa. Na bi shi ta ƙofar baya. Muka shiga wani ɗaki, gado ɗaya, fanka tana juyawa, babu manaja, babu kowa. Ina juyowa na ji ya sa sakata.

Ya zaro takardar daga aljihun gaba ya kaɗa ta, ya ce, "Aikin otal ai ba wannan ce ke bayar da shi ba. Zauna mu yi magana."

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, ko a lokacin Baba nake ce masa. "Baba, don Allah. Baba, ka yi wa Allah." Ya damƙe mini wuyan hannu. Ban san lokacin da na kai wa takardar cafka da ɗaya hannun ba, ya ja, na ja, na ji ƙarar yagewarta. Sai a sannan muryata ta fito, na ƙwalla ihu.

Ashe Gwaggo ta ga fitata, ta zagayo ta biyo mu da muciyar mai tuwo a hannu. Ta dinga dukan ƙofar tana cewa, "Buɗe, tsohon banza, ko in tara maka garin nan!" Ya buɗe, ya yar da rabin takardar, ya gyara rigarsa, ya dubi mutanen da suka taru ya ce, "Yarinyar nan aljanu gare ta, a kai ta gida." Suka dare suka ba shi hanya. Da kunnena na ji wani yana ce masa a sauka lafiya, ranka ya daɗe.

Gwaggo ta tsinci rabin, ta ja ni har teburin, wannan karon mai gadi bai ko tanka mata ba. Akawun ya ce mutumin ba ma'aikacinsu ba ne, ba su san shi ba.

"Ba ku san shi ba?" in ji Gwaggo. "Lemon da ya sha a teburinku aljani ne ya buɗe masa?"

Bai kula ta ba. Ni ya duba ya ce, "Wa ya ce ki ba shi? Kuma mu ba ma karɓar yagaggiyar takarda. Na gaba!"

A motar komawa ban ga gero ba, ban ga hanya ba. Duk namijin da ya motsa sai gabana ya faɗi. Mun isa gida ana kiran magariba. Bayan salla Gwaggo ta zayyana wa Baba komai, na ajiye masa ɓangarorin biyu a kan tabarma. Yagewar ta ratsa ta tsakiyar sunana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ke da karatunki, me ya sa kika ba mutumin da ba ki sani ba?"

Na ce, "Baba, kai ka koya mini ba a tambayar babba."

Tun da aka haife ni ban taɓa mayar masa da magana ba. Na jira mari, bai zo ba. Washegari da safe na tarar da shi a zaure ya jiƙa ƙaro a kasko, yana liƙa takardar a kan farin ƙyalle, yana daidaita haruffan sunana da tsinke.

Ban sami aiki ba, kuma ban sani ba ko akwai ofishin da zai karɓi takarda mai tabo. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ladabin da aka raine mu da shi akwai masu zama a bakin tebur suna jiransa. 'Yan'uwana mata masu shirin zuwa irin wannan taro, ku gaishe da babba, ku durƙusa in kun ga dama, amma takardarku ta tsaya a hannunku har sai ya faɗa muku shi wane ne. In ya ji haushin tambayar, ku tashi daga durƙuson ku koma layi.