Gyaran da Na Yi wa Gawayin 'Yandoto

Sana'ata gawayi. Na fara da buhu biyu a bakin kasuwa, har na kai ga shago a Sabon Gari, a Gusau. Shekarun da kananzir ya yi wuya, bayan an ba mu jiha da kaɗan, su ne shekarun da kasuwa ta buɗe mini, na sayi mota a-kori-kura ta hannu. Ina ɗauko kaya daga masu ƙonawa a wajen Karakkai, can Bungudu, ina sayar wa masu shayi da masu guga da maƙera. Na san gawayi. In ka miƙo mini guda, zan karya shi in ji ƙararsa, in gaya maka kirya ne ko marke. Kuma tun da nake, ban taɓa auna wa mutum kaya ban yi masa gyara ba. In gwangwani ya cika, sai na ƙara ɗan hannu a kai. Haka na tarar ana yi, haka nake yi.

Wani rani, wani malamin jami'a ya zo neman mota ta kwana goma. Siriri ne, mai tabarau, ba ya son dogon zance. Ya ce yana haƙa a wani kufai kusa da 'Yandoto, inda mutanen da suke narka tama su fitar da ƙarfe. Yana son ya san tun yaushe aka yi aikin. Ranin nan shi ne na uku da yake zuwa, kuma na ƙarshe, domin a kan wannan binciken za a ba shi digirinsa, kuma lokacin da aka ɗibar masa ya kusa cika. Kasuwa ta ɗan lafa a lokacin, sai na ce ni zan tuƙa shi da kaina.

Wurin gona ce. Mai gonar wani tsohon maƙeri ne, shi ya nuna wa Malam tudun da ke cikinta tun farko. Ya yarda a haƙa, da sharaɗin a mayar masa da ƙasa kafin ruwan shuka. Kullum yana zaune a gindin tsamiya yana kallon masu haƙa.

"Malam," ya ce wata rana, "ni dai ban taɓa ganin mai neman arziki da cokali ba. Ga galma nan, a ba ka aro?"

"Baba, galma za ta ɓata mini aiki."

"Awo. To Allah shi ba da sa'a. Ƙila jikokinka su isa ƙasa."

A kwana na takwas suka isa ƙasan wata tsohuwar tanda, ƙarƙashin kashin ƙarfe, dattin da tama ke bari in an narka ta. Nan Malam ya sami abin da yake nema, wato gawayin da aka hura wutar da shi. Bai taɓa shi da hannu ba. Da bakin cokalin gini ya riƙa ɗauka yana zubawa a takarda mai sheƙi, irin ta cikin kwalin taba. Ya naɗe, ya sa a leda, ya yi rubutu a kai. Ya ce za a aika da shi ƙasar waje a auna shekarunsa. Na leƙa na gani. Duka bai cika tafin hannu ba. Ya ɗora a ƙaramin sikelinsa, ya yi tsaki.

"Ya yi kaɗan," ya ce. "Da ƙyar ya kai abin da suke karɓa. In suka wanke shi suka tsince, ban san me zai rage ba."

Maganar ta zauna mini. Mutum ya yi rani uku a rana, abin da ya rage masa gawayi, ga ni mai gawayi tsaye a kansa.

Ranar tafiya aka cike ramin, aka loda kaya. Malam ya shiga gari yin sallama da masu gari, ya bar akwatinsa na ƙarfe a gaban mota. A bayan kujera ina da ragowar gawayin kirya da na kawo wa tsohon maƙerin tsaraba, mai kyau, wanda ya bushe sarai. Na buɗe akwatin, na warware takardar, na karya guda biyu ƙanana daidai girman nasa, na zuba, na naɗe kamar yadda na gani. Ba ɓoyewa na yi niyya ba. Na so sai mun isa Gusau ya ɗora a sikeli ya ga ya haura, sannan in gaya masa.

Mun bar 'Yandoto da hantsi. Hankalinsa ya kwanta, sai bakinsa ya buɗe. Na tambaye shi yadda ake gane shekarun gawayi, domin ni a sanina, na bara da na bana duk baƙi ne.

Ya ce itace yana raye yana shan wani abu daga iska. Ranar da aka sare shi ya daina sha, kuma wanda ke jikinsa ya fara raguwa a hankali, bisa gwargwadon da aka sani. Su can abin da ya rage suke aunawa.

"Ka ɗauka randa ce mai tsattsafo, Alhaji. In ka san yadda take zubarwa, ka leƙa ka ga inda ruwa ya tsaya, ka san ranar da aka cika ta."

Muka yi tafiya kaɗan. Sannan na ce, "To in wani ya zo ya ƙara mata guga ɗaya fa?"

"Sai ta ce maka jiya aka cika ta. Shi ya sa ka ga ko taba ba na bari a sha a bakin rami."

Na riƙe sitiyari. Na san in na yi shiru ba mai ganewa. Za a aika, amsa ta dawo bayan watanni, a ce masa tandar ba ta daɗe ba. Zai rubuta haka, ko ya zauna yana neman inda ya yi kuskure, ni kuwa ina shagona. Ban daɗe ina wannan tunanin ba. Na sauka gefen titi na kashe mota.

"Malam, na yi wa gawayinka gyara."

Bai gane ba sai da na maimaita. Ya buɗe akwatin, ya warware takardar a kan cinyarsa, ya daɗe yana kallo. Na ce zan iya tsince nawa, ga su nan, sun fi sheƙi, bakinsu da kaifi. Ya ce ya gani. Ya ce garin gawayin fa? Na duba. Gari ya bi ko'ina, nawa da nasa.

"Wa ya ce ka taɓa?" Bai ɗaga murya ba.

"Ba kowa. Ka ce ya yi kaɗan."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na ce ya yi kaɗan," ya faɗa, kamar da kansa yake. Ya ɗauki biro ya ja layi biyu a kan ledar, ya soke ta. Gabas ta fara haɗa hadari tun kwana biyu da suka wuce, mu duka mun san haka.

Na ce, "Akwai saura a ramin?"

"Na bar gefe guda ban taɓa ba. Ban san abin da ke ciki ba."

Na juya mota.

Tsohon maƙerin yana gyara kunya a kan wurin da muka cike. Na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya dogara da fartanya yana dubana.

"Kai kuma mi ya kai ka? Gawayin kakanninmu ka yi ma ƙari da na Bungudu?"

"Kirya ne mai kyau, Baba."

"Na sani, na ƙona shi jiya." Ya dubi sama. "Kwana biyu. In ruwa ya sauka, gero za ni zubawa, ko kuna ciki."

Na shiga gari na nemo masu haƙar da aka sallama, na ce aikin nan a wuyana yake. Ni ma na cire riga na kama shebur. Ƙasar ciko ba ta da wuya, kafin la'asar ɗin rana ta biyu mun isa kashin ƙarfen. Daga nan Malam ya ce kowa ya fito. Ni musamman ya nuna mini gindin tsamiya, ya ce in wanke hannu in zauna can, domin ko ƙarƙashin farcena gawayi ne. Na zauna kusa da tsoho. Ya matsa mini a kan tabarma.

Malam ya yi kusan awa biyu a durƙushe da cokalinsa. Abin da ya fito da shi bai kai na farko ba. Ya auna, ya naɗe, ya sa a aljihun rigarsa na ƙirji, ya maɓalle. Muka cike ramin. Ruwa ya sauka washegari.

Muka kama hanya har Gusau. Da zai sauka ya ce ledar farko zai tafi da ita, ya riƙa nuna wa ɗalibai.

Sai bayan kaka, an kai amfani gida, wasiƙarsa ta iso shago. Ya ce sun karɓa, ya isa da ƙyar. Ya rubuta shekarun, ɗaruruwa ne, da wani ƙari ko ragi a gefe wanda ban gane kansa ba. Ya ce in kai wa Baba labari. Ranar kasuwar Tsafe na bi ta 'Yandoto da rabin buhun kirya, na karanta masa a ƙofar maƙera. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dama ya san sun daɗe. Sannan ya ɗaga bakin buhun ya leƙa, ya ce wannan karon ban cika masa ba.